Ku Tambayi Hajiyar Faris: Musulmin Faransa Saniyar Ware Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. 'Yata ta biyu ta gama digiri a Ngaundere, ta samu gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Tun tana ƙarama take sa hijabi. Gida ya rabu biyu: uwarta ta ce ta tafi, yayyena kuwa sun ce zan tura yarinya inda za a tuɓe mata lulluɓi a titi, inda Musulmi ba shi da daraja. Ke da kike zaune a cikinsu, ki faɗa mini tsakani da Allah. Da gaske an mai da Musulmi saniyar ware a Faransa, ko kuwa surutun Facebook ne? In bar ta ta tafi?
Daga wani uba, Garwa.

AMSA: Amin wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa karatun yarinya albarka.

Bari in fara da abin da ya fi hana ka barci. Babu jami'in hukuma da zai tare ta a titi ya ce ta cire hijabi, kuma babu dokar da ta hana ta zama a ajin jami'a da shi. Dokar da yayyenka ke jin labarinta, ta 15 ga Maris 2004, ta tsaya ne a kan makarantun gwamnati na firamare da sakandare. Can ne aka hana ɗalibi sa alamar addini da ke fitowa fili, ko hijabi ne, ko hular Yahudawa, ko babban gicciye. A 2023 ministan ilimi na lokacin, Gabriel Attal, ya ƙara da abaya da jallabiya. Jami'a ba ta ciki, domin ana ɗaukar ɗalibin jami'a baligi ne mai ikon kansa. Niƙabi kuwa daban: tun Afrilun 2011 rufe fuska a bainar jama'a laifi ne, tararsa tana kaiwa yuro 150. Wannan ba zai ba ka mamaki sosai ba, tunda kai ma ka san a 2015 an hana niƙabi a yankin Arewa mai Nisa na Kamaru bayan harin da aka kai garin Fotokol, Chadi ma ta hana a shekarar, ko da yake dalilin can tsaro ne, na nan kuwa dogon zance ne.

Amma akwai wurare biyu da za ta ci karo da dokar ƙiri da muzu, gara ka sani tun yanzu, ita ma ta sani. Na farko hoton katin zama: dole kai ya kasance a buɗe. Mu dai abin da muke yi, mu shiga akwatin ɗaukar hoton nan mai labule da ke tashoshin jirgin ƙasa, mu ja labule, mu ɗauka, mu mayar da lulluɓinmu. Na biyu shi ya fi nauyi, kuma ya shafi fanninta kai tsaye. Duk wanda ke aiki da sunan gwamnati, malamin makaranta ne, nas ce, magatakarda ne, ba ya nuna addininsa a bakin aiki. Ɗalibar da aka tura koyon aiki a asibitin gwamnati tana shiga ƙarƙashin wannan ƙa'ida muddin tana cikin asibitin. Wasu 'yan matan suna rufe gashi da hular tiyata idan sashensu ya yarda, wasu su nemi wurin koyon aiki a ƙungiya mai zaman kanta. Ta tambayi makarantar tun kafin ta sayi tikiti ko karatun nata na da koyon aiki na dole, kuma a ina ake yin sa.

Asalin wannan duka dokar 1905 ce, wadda ta raba gwamnati da coci. Lokacin da aka yi ta babu maganar Musulmi. Rigima ce tsakanin 'yan jamhuriya da cocin Katolika, wanda ya daɗe yana riƙe da makarantu da siyasa. Shi ya sa Bafaranshe da yawa, ko da ba ya ƙin ka, jikinsa ke yin sanyi da ya ga addini a fili. Fiye da rabin masu shekara 18 zuwa 59 a ƙasar sun ce ba su da addini ma gaba ɗaya. Maƙwabciyata tsohuwa ce mai kirki, duk sallah sai na aika mata da nama ta aiko mini da kek, amma har yau ta kasa gane dalilin da ya sa mace mai ilimi za ta rufe kanta ba tare da wani ya tilasta mata ba. Mun gaji da musu mun bar shi.

To, ga ainihin tambayarka. Eh, Alhaji, akwai wariya, kuma masu jin ta a jikinsu suna da yawa. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba, ba inda mutanen gida ke zato ba. Ba a hana salla. Masallatai da ɗakunan salla sun haura dubu biyu. Babban masallacin Faris tun 1926 yake tsaye, an gina shi don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu wa Faransa a yaƙin duniya na farko. Liyon ma tana da babban masallacinta tun 1994. Naman halal har a manyan kantuna. Da azumi, unguwar Guillotière a Liyon, inda nake zato 'yarka za ta riƙa cefane, sai ka rantse kana wata kasuwar Aljeriya: dabino tuli, miyar harira, zalabiya tana ɗigar zuma. Wariyar tana ƙofar aiki, tana ƙofar gidan haya, tana tashar jirgin ƙasa inda 'yan sanda ke tsayawa, tana kuma cikin talabijin kowane dare.

Ka ga maganar aiki. A 2010 wasu masana uku, Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort, sun yi wani gwaji da na daɗe ina ba mutane labarinsa. Sun rubuta takardun neman aiki iri ɗaya sak, ilimi ɗaya, gogewa ɗaya, sunan mahaifi ɗaya na Senegal, wato Diouf. Ɗaya suka sa mata Marie, ɗaya Khadija. Ka lura, duka biyun baƙaƙen fata ne a idon mai karanta takardar, saboda haka ba launi ake aunawa ba. Marie ta samu kira a kashi 21 cikin ɗari na wuraren da aka aika, Khadija kashi 8. Bayan shekara biyar Valfort ta sake yin irin sa da sunayen 'yan asalin Labanan, ta gano cewa namiji mai suna Mohammed da takardarsa ta nuna yana riƙe da addini sai ya aika takarda ninki huɗu na wadda Michel zai aika kafin a kira shi ganawa. Ba wanda ya zage su, ba wanda ya kore su. Shiru kawai ake yi musu. Shirun nan shi ya fi cin rai, domin ba ka da wanda za ka kai ƙara, kuma kana kwana kana tambayar kanka ko kai ne ba ka iya ba.

Na ga wannan a ɗakina. 'Yata ta gama karatun lissafin kuɗi da sakamako mai kyau. Wani kamfani ya yi hira da ita ta waya, komai lafiya, har an yi maganar albashi. Ranar da ta je da ƙafarta, matar da ta tarbe ta ta dubi kanta, ta dubi takarda, ta ce ai dokar cikin gida ta kamfanin ta hana alamar addini ga masu hulɗa da abokan ciniki. Kuma ba ƙarya ta yi ba, tun 2016 dokar ƙwadago ta ba kamfanoni damar rubuta irin wannan ƙa'ida bisa wasu sharuɗɗa. Ta dawo gida ba ta ce uffan ba, ta shiga kicin ta hau wanke tukwanen da tuni an wanke su. Yanzu tana aiki daga gida wa wani kamfani, ta kwamfuta. Ƙawayenta biyu sun tafi, ɗaya Landan ɗaya Dubai. Masu digiri irin su da ke fita a hankali ba tare da hayaniya ba sun yi yawa har masu bincike a jami'o'i sun fara rubutu a kansu.

Samari kuwa nasu ciwon 'yan sanda ne. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta gwamnatin Faransa da kanta ta fitar da rahoto a 2017 cewa saurayin da ake gani baƙi ne ko Balarabe ya fi sauran jama'a yiwuwar a tsayar da shi a nemi katin shaida har ninki ashirin. Ɗana tun yana ɗan sakandare ba ya fita sayen burodi sai da katinsa a aljihu. Irin wannan tsoron ne ya sa Zyed Benna da Bouna Traoré, yara 'yan shekara 17 da 15, suka gudu daga 'yan sanda suka faɗa tashar wutar lantarki a Clichy-sous-Bois da ke bayan garin Faris ranar 27 ga Oktoba 2005, wuta ta kashe su, ƙasa ta kwashi mako uku tana cin wuta. A Yunin 2023 aka maimaita, bayan ɗan sanda ya harbe Nahel Merzouk, ɗan shekara 17, a Nanterre da ke gefen Faris. A nan dai gaskiya addini da launi da talauci da sunan unguwa sun cakuɗe, da wuya ka ware ɗaya ka ce shi ne. Yaro Kirista ɗan asalin Kongo da ke unguwarmu shi ma ana tare shi. Amma idan sunanka Mamadou, adireshinka kuma Sen-Deni, unguwar talakawa a bayan garin Faris, to kaya biyu ne a kanka.

Unguwannin nan ma suna da tarihi. Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa ta kwaso leburori daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Mali da Senegal, su yi aikin gini da haɗa motoci. Aka gina musu dogayen benaye a bayan gari, nesa da tsakiyar birni, da tunanin za su gama su koma. Ba su koma ba, suka kawo iyali, masana'antun kuma suka fara rufewa. Ga kuma miki na yaƙin neman 'yancin Aljeriya daga Faransa, 1954 zuwa 1962, wanda bai warke ba a ɓangarorin biyu. A daren 17 ga Oktoba 1961 'yan sandan Faris sun kashe Aljeriyawa masu zanga-zanga da dama, an jefa wasu a kogin Sen, aka yi shekaru hukuma ba ta son a ambaci zancen. A gefen Liyon ɗin da 'yarka za ta je akwai unguwar Minguettes. Samarin can ne suka ƙirƙiro tattakin neman daidaito na 1983, wanda ya tashi daga Marsai da mutane ƙalilan ya isa Faris da kusan dubu ɗari. Jikokin waɗancan ne yau ke aika takardar neman aiki ana yi musu shiru.

Nan ne abin da nake so ka riƙe, Alhaji. Ni da na zo da girmana daga Damagaram, wariyar ba ta taɓa kai mini har zuci ba. In wani ya yi mini kallon banza a cikin bas, na san ni baƙuwa ce, ina da garinmu, ina da inda ake kirana da sunan kakata. 'Yarka ma haka za ta zama. Wanda abin ke ci shi ne yaron da aka haifa a nan, wanda ba ya mafarki da wani yare sai Faransanci, wanda kakansa ya yi wa ƙasar yaƙi ko ya gina mata hanyoyi, amma kullum ana ce masa ya nuna shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne na gari. Yana zaune kamar agola, alhali gidan ubansa ne. Wata rana na ce wa ɗana ya yi haƙuri, ƙasar mutane ce. Ya ce, "Mama, wane mutane? Ni ina zan koma?" Damagaram sau nawa ya taɓa zuwa, kuma can ma Bature ake ce masa.

Ka je ƙofar wata makarantar sakandare a unguwarmu da safe ka gani. 'Yan mata sun yi layi gaban gilashin ƙofa, allurai a bakinsu, suna warware ɗankwali, su ninke su tura a jaka, su gyara gashi da yatsu, su shiga. Da yamma a daidai wurin su mayar. Yaran sun saba, har suna wasa da dariya. Ni ce dai ban saba ba. Masu goyon bayan dokar suna cewa tana kare yarinyar da ake matsa wa a gida, kuma akwai irin waɗannan yaran, ban musa ba. Amma darasin da sauran ke ɗauka kowace safiya shi ne akwai wani ɓangare nasu da ba a so ya ƙetare ƙofa.

Sai talabijin. Musulmi kusan kashi goma ne cikin ɗari na masu shekara 18 zuwa 59, bisa binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasar na 2019 zuwa 2020. Amma da kamfanin Ipsos ya tambayi Faransawa a 2016 su kintata yawan Musulmi, sai suka ce kashi 31. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ke kunna wasu tashoshin da dare. Yau rigar wanka ta mata a bakin teku, gobe uwa mai hijabi da ta raka 'yan makaranta yawon buɗe ido, jibi naman alade a abincin makaranta, gata 'yar wasan ƙwallo. Ana ta zancenmu, da wuya a kira mu a ji ta bakinmu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2022 Éric Zemmour, wanda ya ce a hana raɗa wa yara sunaye irin Mohammed, ya samu kashi 7 a zagayen farko. Marine Le Pen, wadda ta yi alkawarin hana hijabi a titi ma, ta haura kashi 41 a zagaye na biyu. In ka ji haka, ka shiga jirgin ƙasa da safe, sai ka kama kanka kana ƙirga fasinjoji.

Ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba, don in na ɓoye na zalunci mutanen da nake zaune da su. Tsoron nasu ba daga iska ya faɗo ba. An kashe ma'aikatan jaridar Charlie Hebdo a Janairun 2015. An kashe mutum 130 a Faris ranar 13 ga Nuwamba na shekarar. An bi ta kan jama'a da babbar mota a birnin Nis a 2016, mutum 86 suka mutu. An yi wa malamin makaranta Samuel Paty yankan rago a 2020. Duk da sunan addininmu aka yi, kuma da yawa daga masu aikatawar a Turai suka girma. Ku da kuka ga Boko Haram a Marwa da Kolofata ba sai an yi muku bayanin yadda irin wannan ke lalata yarda tsakanin maƙwabta ba. Abin da ke mana ciwo shi ne an manta cewa ɗan sandan da aka harbe a ƙasa ranar Charlie Hebdo sunansa Ahmed Merabet, kuma cikin mamatan Nis akwai Musulmi da yawa. Bayan kowane hari sai an shafa wa kowa kashin kaji: dokar ta-ɓaci daga 2015 zuwa 2017 da binciken gidaje dubbai, rufe ƙungiyar da ke tattara ƙorafin Musulmi a 2020, sai dokar 2021 da ta tsananta sa ido a kan masallatai da ƙungiyoyi. A Afrilun 2025 kuma aka daɓa wa wani saurayi ɗan Mali, Aboubakar Cissé, wuƙa har lahira a cikin masallacin garin La Grand-Combe da ke kudancin Faransa. Makonnin da suka biyo baya, in na shiga masallaci sai na waiga.

Duk da haka, ina nan ban tafi ba, kuma ba don rashin kuɗin jirgi ba. Mijina ya yi jinyar zuciya a asibitin gwamnati, likitoci suka kula da shi kamar ɗan uwansu, abin da muka biya bai taka kara ya karya ba. 'Ya'yana sun yi karatu har jami'a kusan kyauta. Kotu ma tana aiki: da wasu magadan gari suka hana rigar wanka ta mata masu rufe jiki a 2016, babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma ta dakatar da hanin. Musulmi likitoci ne, lauyoyi ne, direbobin jirgin ƙasa ne, sojoji ne. Rachida Dati ta zama ministar shari'a a 2007, Najat Vallaud-Belkacem ta riƙe ma'aikatar ilimi a 2014. Sai dai ka duba, waɗanda ke kaiwa can sama yawanci waɗanda addininsu ba ya bayyana a jikinsu ne. Ƙofar a buɗe take, amma ba da kowace shiga ake wucewa ba.

Shawarata, ka bar ta ta tafi. Karatun shekara biyu ne, kuma ɗakin karatu ba shi ne inda matsalar take ba. Ta nemi ɗaki a gidajen kwanan ɗalibai na gwamnati tun da wuri, domin neman haya a wajen masu gida da suna irin namu wahala ce, ga kuma sharaɗin kawo mai tsaya maka. Za ta samu mai harararta a bas, watakila wata tsohuwa ta yi mata gunaguni a layin biyan kuɗi. Kada ta tanka. In abu ya wuce harara, akwai ofishin hukumar kare haƙƙi da na ambata, kyauta ne, kuma baƙo ma yana da damar kai kuka. Idan ta gama ta ce za ta zauna ta yi aiki da hijabinta, a nan ne za ku sake zama ku yi lissafi, don a nan ne ƙofofi ke ƙanƙancewa. Ka gaida mini da uwarta, ka ce mata ta haɗa wa yarinya kuka da daddawa da yaji, ta ƙulle su da kyau.

TAMBAYA: Hajiya, ina wuni. Ni ɗalibi ne a Kano. Abokaina da suka je Ingila suna cewa can Musulmi ba shi da matsala ko kaɗan, Faransa ce kawai ke ƙin Musulunci. Haka ne?
Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA: Lafiya lau, ɗana. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Ingila ba ta damu da abin da ke kanka ba. 'Yar sanda a Landan tana iya sa hijabi cikin kayan sarki, malama tana koyarwa da shi, yarinya tana shiga aji da shi. Sadiq Khan yana magajin garin Landan tun 2016, Humza Yousaf ya shugabanci gwamnatin Sikotlan a 2023. Ko a ƙwallo ka ga bambancin: a gasar Firimiya alƙalin wasa na iya tsayar da wasa 'yan daƙiƙu don mai azumi ya sha ruwa, hukumar ƙwallon Faransa kuwa a 2023 ta rubuta wa alƙalanta cewa kada su yi haka. A wasannin Olamfik na Faris a 2024, 'yan wasan ƙasashen duniya sun fito da hijabinsu, 'yan wasan Faransa mai masaukin baƙi ne kaɗai aka hana. Duk lokacin da na ziyarci ƙanwar mijina a Birmingham, wannan sakewar ita nake fara ji tun daga tasha.

Amma "ko kaɗan" ɗin nan ka cire shi. A bazarar 2024, bayan kisan wasu yara mata uku a garin Southport na Ingila, aka baza ƙarya a intanet cewa makashin Musulmi ne ɗan gudun hijira. Kafin gaskiya ta fito an yi wa masallacin garin ruwan duwatsu, tarzoma ta bazu garuruwa, har an yi yunƙurin cinna wuta a otal ɗin da masu neman mafaka ke ciki. Ƙanwar mijin nawa kwana da kwanaki ba ta bar 'ya'yanta sun fita ba. Musulmin Ingila da Wales miliyan 3.9 ne a ƙidayar 2021, kuma da yawansu a unguwannin da suka fi talauci suke. A Faransa doka ce ke takura ka, a Ingila doka ta sake ka, amma mai ƙin ka yana nan a duka biyun. Abokanka kuma ɗalibai ne, cikin jami'a suke yini. Ka sake tambayar su bayan sun fara neman aiki.

TAMBAYA: Hajiya, yayana yana zaune a Marsai shekaru da yawa, yanzu ba shi da lafiya. In ta Allah ta kasance, za a yi masa sutura irin ta Musulunci a can?
Daga wata 'yar uwa, Maraɗi.

AMSA: Allah ya ba shi lafiya, 'yar uwa, ya sa kaffara ce. Za a yi masa wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla. Akwai kamfanonin jana'iza na Musulmi a duk babban gari, Marsai kuwa ba a magana. Abu biyu ne suka bambanta da gida. Dole a sa gawa cikin akwati, doka ce. Kuma ba a binnewa nan take, sai an gama takardu, abin da kan ɗauki kwanaki.

Maƙabartu na hukumar gari ne, kuma tun 1881 doka ta ce ba a raba su bisa addini. Abin da ake yi, magajin gari in ya ga dama sai ya keɓe wani gefe inda kaburbura ke fuskantar alƙibla. In bai ga dama ba, babu mai tilasta masa, shi ya sa wuraren ba sa isa. A lokacin korona, da aka rufe iyakoki, iyalai sun sha wuyar samun inda za su sa nasu. Ga shi kuma galibi kabari haya ne na wa'adi, shekara 15 ko 30 ko 50, in wa'adi ya cika ba a sabunta ba hukuma na iya karɓe wurin. Saboda haka dattawa da yawa ke barin wasiyya a mayar da su gida, suna zuba kuɗi duk shekara a asusun 'yan garinsu ko a inshorar ɗaukar gawa, domin jigilar tana cin yuro dubbai. Ki tambaye shi tun yana iya magana wanne yake so, ko yana cikin irin wannan asusu, kuma takardun suna hannun wa.